Haƙƙin maƙwabtaka tsakanin gona da ruga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A wani ƙauye na ƙasar Haɗejiya akwai gidaje biyu da burtali kaɗai ya raba su: gidan wani manomi da rugar wani makiyayi. Zamansu ya faro tun kaka da kakanni. Idan aka kwashe gero da dawa, manomin kan bar wa maƙwabcinsa kara, shanu su riƙa kwana a gonar har rani ya yi nisa, su bar masa taki. Uwargidan ruga kan kawo nono da man shanu, ta koma da hatsi a ƙwarya. 'Ya'yansu makarantar allo ɗaya suke zuwa, kuma ba a yanka ragon suna a ɗayan gidajen sai dattijon ɗaya gidan ya iso.

Wata damina shanun ruga suka kuɓuce cikin dare, suka yi ɓarna a gonar gero. Samarin gidan manomi suka harzuƙa. Kafin su fita, sai ga makiyayin da kansa bayan sallar asuba, ya amsa cewa shanunsa ne. Aka kira liman da mai unguwa, aka zagaya gonar, aka ƙiyasta asarar. Makiyayin ya ɗauki nauyin biya, manomin kuma ya karɓi rabi ya yafe rabi.

Abin da suka yi yana da tushe a shari'a. A Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, Allah Ya ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, game da tumakin da suka shiga shuka da dare. Haka nan Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta yi ɓarna a gonar wani mutum, sai Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai ita, ɓarnar dabbobi da dare kuwa masu su ne za su biya. Ke nan kowane ɓangare akwai nauyin da ke kansa. Ga kuma aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, ba tare da tambayar ƙabilarsa ba.

Ya 'yan'uwa, mun ga yadda rikicin manoma da makiyaya ya taimaka wajen jefa ƙauyukan Zamfara da Katsina cikin zubar da jini. Sau da yawa mafarin fitinar ƙarami ne: an nome burtali, an toshe mashaya, ko an cinye shuka an tsere. Idan mai laifi ya ɓuya, mai haƙƙi ya ɗauki doka a hannunsa, sai wanda bai ji ba bai gani ba ya biya da ransa.

Don haka manomi ya ji tsoron Allah kada ya haɗiye burtali, makiyayi ya ɗaure dabbobinsa da dare, kada ya bar garke a hannun ƙaramin yaro kusa da shuka. Limamai da masu unguwanni su gaggauta sulhu tun rana ba ta faɗi a kan husuma ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu.