Barazanar da ba ta bar ƙofar fita ba

Ranar 26 ga Maris, 2025 aka rantsar da Janar Abdourahamane Tchiani a Yamai, aka ba shi shekara biyar a kan mulki, hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum kuwa yana tsare. Nan wa'adin mako guda da ECOWAS ta yanke wa sojojin da suka yi juyin mulkin, a taronta na Abuja ranar 30 ga Yuli, 2023 ya ƙare. A majalisun hira za ka ji ana cewa sulhu ya yi rana tunda ba a yi yaƙi ba. Wane sulhu? An zare ido ba a shirya ba, kuma ba a bar wa sojojin hanyar sauka ba.

Gambiya ce ta ruɗi masu barazanar. A Janairun 2017 Yahya Jammeh ya sauka ne don abu biyu sun haɗu masa: sojojin Senegal sun ƙetaro iyaka, babban hafsansa ya ce ba zai yaƙe su ba, sannan Alpha Condé na Gini da Mohamed Ould Abdel Aziz na Muritaniya suka sama masa mafaka a Ikwatoriyal Gini. A Nijar ko ɗaya bai samu ba. Jihohin Najeriya bakwai ke iyaka da ita, ga auratayya ga cinikayya. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja, malamai suka hau mumbari suna tir da yaƙin. Tchiani, mutumin da ke hira da 'yan jarida da Hausa, ba ya buƙatar tafinta kafin ya ji abin da ake faɗa a masallatan Kano da Bauchi. Ya gane kurin banza ne. Shi ya sa tawagar ECOWAS ta farko ƙarƙashin Abdulsalami Abubakar ta juyo ba ta gan shi ba.

Sharaɗin da aka gindaya ma ya fi wannan muni: a mayar da Bazoum kan kujera. Ga sojan da ya tsare shugabansa, wannan sammacin kotu ne. Ko da an yi masa alkawarin mafaka, me zai sa ya yarda? Obasanjo ya ba Charles Taylor masauki a Kalaba a 2003, lokacin da 'yan tawaye suka kewaye Monrovia, yaƙin ya lafa. A 2006 aka cafke shi a Gamboru aka miƙa shi, a 2012 aka yanke masa shekara 50. Ya cancanci hukuncin, amma duk mai kaki a yankin ya ga yadda alkawarin ya ƙare.

Akwai masu cewa takunkumi ne bai samu lokaci ba. Wata bakwai fa aka yi. Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka rufe Jibiya da Illela, ɗan kasuwar Maraɗi da direban tirela suka sha wuya, sojoji kuwa suka samu abokin gabar da za su nuna wa talaka. Ranar 24 ga Fabrairu, 2024 aka ɗage takunkumin ba a saki Bazoum ba, kuma ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar baki ɗaya.