Gawayin gona: rumbu ne cikin ƙasa, amma da me za mu yi shi?

Ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, da wuya a samu wanda ba ya da ƴar gona a ƙauye wadda yake aika wa kuɗin iri da na taki idan bazara ta kama. Kuma kowa ya san labarin da ke dawo masa da kaka: an zuba taki, an samu ruwa, amma damman hatsi ba su fi na bara ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jigawar da ake nomawa daga Tawa zuwa Damagaram rairayi ce, wurare da yawa mai tsami, kuma abin da ke cikinta na ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Irin wannan ƙasa kamar rariya take, ruwa da taki duk wucewa suke yi. Shi ya sa ya dace mu dubi wata dabara da Turawa ke kira biyoshar, mu kuwa mu ce gawayin gona.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A dajin Amazon na ƙasar Barazil, inda yawan ruwan sama ya wanke ƙarfin ƙasa, akwai filaye masu ƙasa baƙa ƙirin, wani wuri zurfinta ya wuce mita 1, ana kiranta "terra preta". Mutanen da suka zauna can tun kafin zuwan Turawa ne suka tara gawayi da toka da ƙasusuwa da katangar tukwane a jujinsu, yau ga shi bayan ɗaruruwan shekaru ƙasar ba ta gaji ba. Wani masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, ya bayyana ta cikin littafinsa na shekarar 1966. Daga baya masu bincike sun tarar da irinta kewaye da tsofaffin ƙauyuka a Gana da Laberiya. Mu ma ai mun san hatsin kufai ya fi na tsakiyar daji.

Gawayin gona ba toka ba ne. Idan manomi ya yi sassabe ya cinna wa kara wuta a fili, toka ce ke saura, iskar bazara ta kwashe ta. Amma idan aka gasa karan a inda iska ba ta isa sosai, cikin zafin digiri 350 zuwa 700, sai ya zama gawayi mai ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Waɗannan kafofi su ke riƙe ruwa da sinadaran taki, su zama gidan ƙananan halittun da ke raya ƙasa, kuma gawayin yana rage tsamin ƙasar. Hanya mafi sauƙi ita ce a haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, a kunna wuta, a riƙa ƙara busasshen kara kaɗan kaɗan duk lokacin da farar toka ta fara bayyana a sama, in ramin ya cika a kashe da ruwa ko a rufe da ƙasa.

A shekarar 2017, Simon Jeffery da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ga a ƙasashe masu zafi amfanin gona ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100, alhali a ƙasashen sanyi masu ƙasa mai ƙarfi kusan ba a ga bambanci ba. Wato gajiyayyar ƙasa ita ta fi cin moriyarsa. Sai dai a kula: gawayi rumbu ne, rumbu kuwa ba ya haihuwar hatsi. Wanda ya zuba shi ɗanye yana iya ganin shukarsa ta yi rawaya, domin gawayin zai fara tsotse abincin da ke ƙasa. Dole a dake shi, a shimfiɗa a turken dabbobi ko a cuɗa da takin gida ya yi makonni, ya sha fitsari da kashi, sannan a kai gona.

Amfani na biyu ya shafi duniya duka. Tsiro yana zuƙo iskar karbon, wadda yawanta ke ɗumama duniya, amma in ya ruɓe ko ya ƙone sai ta koma sama. In an mai da shi gawayi, har kusan rabin karbon ɗin yana iya zama cikin ƙasa ɗaruruwan shekaru. Tan 1 na gawayi mai kyau yana ɓoye daidai da tan 2 zuwa 3 na wannan iska. A rahotonsa na 2018, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato GIEC, ya sa shi cikin hanyoyin janye karbon daga sama. Kamfanoni irin su Microsoft sun sayi takardun shaidar wannan ajiya. Amma kuɗin ba sa zuwa sai da awo da masu tantancewa, aikin ƙungiyar manoma ne, kuma kafin a sa hannu a kan yarjejeniya a tambayi dillali rabon wanda ya sha hayaƙin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Gwaje-gwaje da dama suna zuba tan 10 ko fiye a hekta guda, kuma kara yana ba da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ne, wato sai an ƙona tan 40. Gonar talaka kuwa da wuya ta ba da tan 2 na kara a hekta, kuma karan nan yana da masu shi: dabbobi, darni, murhu. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya nuna barin kara kwance a gona yana kare ta daga iska, yana ƙara amfani. Mafi muni shi ne a juya kan itatuwa. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka kama sassaben zamani, har aka ƙiyasta itace miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Garin neman gira kada mu rasa ido.

Mafita ita ce a yi gawayin da abin da ba ya da mai so: ɓuntun shinkafa na bakin kogi, totuwar masara, ƙwallon goruba, kacallar da ke toshe tafkuna, da garmanin da ya cinye burtali da makiyaya. Kuma kada a watsa shi, a sa shi a gindin shuka ko a ramin tassa irin na Adar. Giram 100 a rami 10.000 na hekta, tan 1 ke nan, kuma ba kowace shekara za a sake ba.

Ga ɗan kasuwa mai injin casar shinkafa, ɓuntun da ke tare masa ƙofa haja ce. Ga ma'aikacin gandun daji, aikinsa ne ya bambanta gawayin shara da na gawo. Ga mai gona kuwa, gani ya kori ji: ya ware kunya goma bana, ya sa wa biyar ya bar biyar, da kaka ya auna da tiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.