Shin Ko Kun San? Hedifon da Akwatin Ƙugu a Bayan Dandamali

Shin ko kun san cewa ɗan akwatin intakom ɗin nan da masu kyamara da masu fitilu ke maƙalawa a ƙugu a manyan taruka ya samo asali ne daga wasannin kiɗa a San Francisco ta Amurka? A 1968 Bob Cohen da Charlie Butten suka kafa kamfanin Clear-Com, lokacin da ƙarar kiɗa ta hana ma'aikata jin junansu. Har yau dabarar na nan: layi ɗaya, kowa na jin kowa.

Wayar da ke haɗa akwatunan tana da fulogin XLR mai ƙafa 3, iri ɗaya da na makirfo. A tsarin Clear-Com ƙafa ta 2 na ɗauke da wuta kusan bolt 30, ta 3 kuma murya. Saboda haka kada a kuskura a soka makirfon mawaƙi a wannan layi, yana iya lalacewa.

Shin ko kun san fulogin hedifon da ake sokawa a akwatin shi ƙafa 4 gare shi? Ta 1 da ta 2 na makirfo ne, ta 3 da ta 4 na kunne. Mai ƙafa 5 na wanda ke son jin layi biyu ne, kowane kunne da nasa. Sai dai Clear-Com da kamfanin RTS sun saɓa: hedifon na Clear-Com fuloginsa tamace ne, na RTS namiji. Mutum zai zo da nasa sabo fil, ya tarar ba ya shiga, alhali gajeriyar wayar sauya baki ce kawai ta rage masa.

Ga inda aka fi shan wahala. Hedifon na wayar salula ko na kwamfuta ba ya aiki kai tsaye, ko da an yanke kansa an ɗaura XLR. Makirfonsa nau'in ilektaret ne, wanda Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1962, kuma sai an ba shi 'yar wuta kafin ya ɗauki murya. Yawancin tsofaffin akwatunan kuwa makirfo dainamik suke jira, mai kimanin om 200, wanda ba ya buƙatar wuta. Sai ka ji kana jin kowa, ba mai jin ka. Wasu sababbin akwatuna suna da zaɓin nau'i biyun, don haka a tambayi mai kula da sauti tun kafin taro.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. A fulogin salula mai milimita 3.5, makirfo da kunne wayar ƙasa ɗaya suke amfani da ita, shi kuwa intakom ya raba su. In aka haɗe ƙafa ta 1 da ta 3 na fulogin XLR ɗin, sautin kunne kan koma cikin makirfo, a ƙara murya kaɗan sai tsuwa ta tashi, kuma kowa a layin zai sha ta, har da mai ba da umarni ana tsakiyar aiki. Wannan ne ya sa nake ganin gwajin hedifon haƙƙin abokan aiki ne a kan mai shi.

Shin ko kun san XLR mai ƙafa 4 shi ne kuma ake ba kyamarori wutar bolt 12 da shi? Baki ɗaya, aiki daban. A duba rubutun jikin soket kafin a soka.

Duk da haka ina goyon bayan kowa ya mallaki hedifonsa. Wanda ya taɓa karɓar hedifon da soson kunnensa ya jiƙe sharkaf da gumin wani ya san dalili. Mai kunne ɗaya, irin DT 108 na Beyerdynamic, yana barin ɗaya kunnen ya ji abin da ke gudana a zaure. DT 109 mai rufe kunne biyu ya fi dacewa da wanda ke tsaye kusa da lasifika.