Fina-finan batsa: zaɓin mace ne ko tilas?

A shekarar 1980, Linda Boreman, wadda duniya ta sani da Linda Lovelace, ta fitar da littafin tarihin rayuwarta. Ta ce fim ɗin batsan da ya yi mata suna a 1972, mijinta na lokacin ne ya tilasta mata yin sa, da duka da barazanar bindiga. Maganarta ta ƙara rura muhawarar da ta raba masu fafutukar haƙƙin mata a Amurka gida biyu.

Andrea Dworkin da Catharine MacKinnon suka ce sana'ar cin zarafi ce tun daga tushe. A 1983 suka tsara wa birnin Minneapolis dokar da za ta ba matan da aka cuta damar kai ƙara, amma magajin gari ya ƙi sa hannu. Ita kuwa Candida Royalle, tsohuwar 'yar wasan da ta kafa kamfaninta a 1984, gani take gyaran shi ne mace ta riƙe kyamara da kuɗi da kanta.

To, amma ina zaɓi yake in an gina yarda a kan ƙarya? A watan Janairun 2020, wata kotu a San Diego ta yanke a biya wasu mata 22 diyyar kusan dala miliyan 13. An yi musu alkawarin bidiyonsu ba zai hau intanet ba, kwatsam sai ga shi a wayoyin 'yan'uwa da abokan karatu.

Kotun ta kuma mallaka musu bidiyoyin. Sai dai fa abin da ya riga ya bazu, ko hukuncin alƙali ba ya tattaro shi.