SANƘO: GADO NE KO CIWO?

Duk wanda ya zauna a rumfar wanzamai a Jekadafari ko Tudun Wada cikin garin Gombe, zai ji ana zolayar mai sanƙo, wai alamar arziki ce ta bayyana. Amma saurayin da bai cika shekara 30 ba, ga shi kuma yana neman aure, shi kam bai ga abin dariya ba. Daga nan sai ya faɗa hannun masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, su tatse ɗan abin da ya tara.

Likitoci sun tabbatar galibin sanƙon maza gado ne, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Akwai wani sinadari a jikin namiji mai suna DHT, shi ke tsuke saiwar gashin goshi da na tsakar kai, gashin ya riƙa fitowa siriri har ya daina. Na ƙeya ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa yake tsira. Hula ba ta da laifi, yawan aski kuma ba ya ƙara gashi.

To, akwai magani? Akwai guda biyu da aka jarraba. Na farko minoxidil, na shafawa, wanda Amurka ta amince da shi a 1988. Na biyu finasteride, ƙwaya, a 1997. Sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji, in an bari kuwa gashin ya sake zubewa. Ƙwayar takan rage wa wasu maza sha'awa, kuma haɗari ce ga mai ciki, saboda haka sai da izinin likita. Inda kai ya daɗe da yin sulɓi, da wuya su yi amfani. Man kaɗanya da man kwakwa suna tausasa gashi, amma ba sa tayar da matacciyar saiwa.

Ba kowace zubewar gashi ce sanƙo ba. Maƙero a kan yara cuta ce mai warkewa da maganin asibiti. Mata kuma matsattsen kitso ke cinye musu gaban goshi, ga ƙarancin jini da zubewar bayan haihuwa, wadda takan tsaya da kanta.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, kafin a zuba kuɗin gumi a kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, a fara ganin likita. Wanda ya zo gida kuwa, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan a Gombe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.