Wa Ke Kaɗa Wa Darakta Gangar Sauri?

A shekarar 1977, darakta guda a birnin Bombay, Manmohan Desai, ya saki finafinai huɗu: Dharam Veer da Chacha Bhatija da Amar Akbar Anthony da Parvarish. Duk huɗun sun yi kasuwa, kuma har yau wasunsu ba su fita daga bakin dattawan da suka yi zamanin shiga sinimar Plaza da Orion da Marhaba a Kano ba. A wannan birnin dai aka yi K. Asif, wanda ya ɗauko aikin Mughal-e-Azam tun tsakiyar shekarun 1940, bai kai shi gaban 'yan kallo ba sai 1960. Finafinai biyu kacal ya kammala da hannunsa. Na ukun, ajali ya riske shi a 1971 yana tsakiyar aikinsa.

Masu son muhawara sukan ɗauki mutanen nan biyu su ce ga mai zafin nama ga mai nawa, ko ga ɗan kasuwa ga mai fasaha, sai ka ce abin hali ne da aka haifi mutum da shi. Hali yana da nasa rabon. Amma wanda ya bi diddigin aikin zai tarar da wani abu daban. Asif ya tsaya ne da farko saboda mai zuba kuɗin ya koma Pakistan bayan raba ƙasar a 1947, sannan jarumin da aka fara da shi, Chandra Mohan, ya rasu a 1949. Aikin bai sake tashi ba sai da attajiri Shapoorji Pallonji ya yarda ya zuba dukiyarsa, ya kuma yi haƙurin jira. Desai kuwa yana da marubuta a kusa da shi, irin su Prayag Raj da Kader Khan, ga ma'aikata da suka saba da hannunsa. Yana can yana ɗaukar wannan fim, wasu na zaune suna gina masa labarin na gaba. Saurin darakta da jinkirinsa sun fi rataya a kan tambaya biyu: wa ya ba da kuɗin, kuma yaushe yake son su dawo?

Tambayoyin nan sun shafi mai kallon fim ɗin Hausa a Shanono ta jihar Kano fiye da yadda zai zata. Ba ta sinima fim yake isa Shanono ko Faruruwa ko ƙauyukan da ke iyaka da Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa ba. Ta waya yake isa. Saurayi ya kai wayarsa ko memorinsa shagon caji a tura masa sabon kashi ya biya 'yan kuɗi kaɗan, mai data ya shiga YouTube, gidan da ke da wuta da tauraron ɗan'adam ya kamo Arewa24. Bayan sallar isha'i, idan an dawo daga gona an ci tuwo, sai ka ga mutum huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Abin da suke tambaya kullum shi ne ko an saki na wannan makon. Ba su san cewa wannan tambayar tasu, tare da 'yan kuɗin da suka biya a shago, suna cikin abin da ke yanke wa darakta kwanakin aikinsa a Kano ba.

Ba da sauri fim ɗin Hausa ya fara ba. A zamanin fim na majigi, wanda sai an kai shi ƙasar waje a wanke, darakta kan yi shekaru bai samu damar aiki guda ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuɗin gwamnatin tarayya. Saddik Ɓalewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, Brendan Shehu ya yi Kulɓa Na Ɓarna a farkon shekarun 1990. Finafinan Hausa na wannan zubin ba su da yawa ko kaɗan, domin kowanne sai da aljihu mai zurfi.

Kyamarar bidiyo ce ta sauya lissafi. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, aka ga ashe ana iya yin fim da kuɗi kaɗan a sayar a kaset. Kafin shekara goma ta cika, sana'ar ta yi suna: Sunusi Shehu ya raɗa mata Kannywood a mujallar Tauraruwa, Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999. Sangaya na kamfanin Sarauniya da Wasila wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni suka nuna irin kuɗin da ke cikin harkar, matasa suka yi ta tururuwa.

Yadda ake cinikin kaset a lokacin shi ne asalin gaggawar da aka san Kannywood da ita, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Furodusa yakan kai uwar kaset wurin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata, ya buga kwalin fim ɗin da hotunan jarumai, sai ya sayar musu da kwalayen. Su ne za su zuba fim ɗin a kaset ɗinsu su rarraba shi zuwa Katsina da Sakkwato da Maraɗi har ƙauyuka irin na Shanono. Ribar furodusa tana cikin yawan kwalin da aka saya a 'yan makonnin farko, kafin sabon fim ya ture nasa daga kan tebur, kafin kuma masu satar fasaha su cika kasuwa. Jarinsa ƙarami ne, sau da yawa na aro ne ko na gado. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai iya bai wa darakta wata shida ba. Zai ba shi kwanaki, ya roƙe shi a raba labarin gida biyu, na ɗaya da na biyu, domin a sayar da kwali sau biyu. Haka abin ya kasance a Legas, inda aka yi wa marigayi Chico Ejiro laƙabi saboda yawan aikinsa: an ruwaito ya ba da umarnin finafinai sama da 80 cikin shekara biyar, wasunsu a kwana uku.

Akwai kuma matsalar jarumi. Fuskar da ke kan kwali ita ke sayar da fim, kuma fuskokin da kasuwa ke so ba su da yawa. Idan darakta ya samu Ali Nuhu ko marigayi Rabilu Musa Ibro na kwana biyu, dole ya tattaro duk fitowarsu ya ɗauke a wannan kwana biyun, domin wani lokeshan na jiransu. A finafinan camama ma sau da yawa babu cikakken rubutu: a faɗa wa ɗan wasa inda maganar za ta dosa, shi ya cike sauran da basirarsa.

Bai dace a raina wannan aiki ba, kuma masu raina shi galibi ba su taɓa tsayawa a lokeshan ba. Daraktan da ke aiki da hasken rana saboda babu fitilu isassu, a gidan aro da mai shi zai iya cewa a tashi, ga ƙarar janareta na shiga makirfo, ga yaran unguwa sun cika ƙofa, amma ya fito da labarin da mata a cikin gida za su yi kuka a kansa, wannan gwani ne. Marigayi Tijjani Ibrahim, wanda ya sami horo a gidan talabijin na CTV Kano, yana cikin waɗanda suka koya wa na baya yadda ake haɗa sauri da tsari. Manomin Shanono ya san darajar gero, wanda ke nuna da wuri ya kori yunwar tsakiyar damina, kamar yadda ya san darajar dawa, wadda sai kaka ta yi nisa take shiga rumbu. Ba ya zagin ɗaya don ya yabi ɗaya. Abin da ke damun mai son fim ɗin Hausa shi ne kasuwar ta daɗe ba ta ba da filin shuka na biyun ba.

Inda gaggawa ta yi ɓarna ta gaske shi ne wurin rubutu. Ana iya ɗaukar fim da sauri ya yi kyau idan labarin ya nuna kafin a kunna kyamara. Idan bai nuna ba, babu editan da zai gyara shi. Abin takaici, Kano ba ta rasa marubuta ba. Finafinan farko da yawa daga littattafai suka fito: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kwikwiyo daga littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Labarai ne da marubutansu suka kwana suka tashi da su, masu karatu kuma suka riga suka auna su. Da kasuwa ta yi zafi, sai aka ga jiran marubuci ɓata lokaci ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko labarin fim ɗin Indiya a sa masa hula da mayafi, a fara da buga waƙoƙi tunda su ne ke jan mai saye. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan aro da yadda waƙa da rawa suka koma ginshiƙin ciniki. Marubuci ya zama wanda ake biya mafi ƙanƙanta, kuma wanda ake bai wa lokaci mafi gajarta.

Wani lokacin hukuma ce ke taka wa sana'ar birki. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007, zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, an dakatar da ɗaukar fim a jihar na wata shida, har wasu suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da Jos. Irin wannan tsayawa ba ta bai wa kowa damar tunani ba, bashi kawai ta tara wa mutane.

Daga baya kasuwar faifai ta mutu a hannun waya da masu tura finafinai, ga kuma finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin na Algaita, suna cin rabonsu na 'yan kallo. Abin da ya ceci sana'ar shi ne fim mai dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, waɗanda Salisu T. Balarabe ya yi suna da su. A 2020 Aminu Saira ya fito da Labarina, Lawan Ahmad kuma ya fito da Izzar So a YouTube, wanda Nura Mustapha Waye ya riƙa ba da umarni har rasuwarsa a 2022.

Sai dai gangar ba ta yi sanyi ba, makaɗin ne ya sauya. A da ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ne, yanzu ranar sakin kashi ce, wadda ba ta ɗagawa ko ana ruwa ko ana azumi. A yi lissafi mai sauƙi. Stanley Kubrick, wanda Turawa ke kafa misali da shi wajen tsanaki, ya yi manyan finafinai 13 tsakanin 1953 da 1999, na ƙarshensu ya ci kwana 400 ana ɗauka, kuma idan aka haɗa tsawonsu duka ba su kai awa 28 ba. Daraktan da ke sakin kashi mai minti 45 kowane mako, cikin mako 40 ya fitar da awa 30. Abin da wancan ya bari a shekara 46, wannan ana so ya wuce shi kafin shekara ta zagayo. Ba mamaki idan labari ya fara jan ƙafa a zango na uku, ko a ga ana maimaita rigima ɗaya tsakanin kishiyoyi, ko jarumi ya ɓace ba bayani. Ko Labarina, da aka shaide shi da ingancin hoto da tsari, sai da ya sake lale bayan Nafisa Abdullahi, wadda ta fito a Sumayya, ta bar shirin. Kuma duk lokacin da shiri ya tafi hutu tsakanin zango da zango, 'yan kallo kan yi ta ƙorafi, alhali a wannan hutun ne marubuci ke samun numfashi.

Hujja mafi ƙarfi cewa matsalar ba ta hali ba ce tana wurin Falalu Ɗorayi. Shi ne daraktan Gidan Badamasi, barkwancin da ke tafiya kashi bayan kashi, kuma shi ne ya ba da umarnin Juyin Sarauta na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, fim ɗin tarihi mai dawakai da fada da suturar da, wanda ba ya yiwuwa sai da dogon shiri. Mutum ɗaya ne a ayyukan biyu. Abin da ya bambanta shi ne abin da furodusa ya ajiye masa a gaba na lokaci da kuɗi.

Lokaci kuwa saye ake yi. Mafi yawan abin da matashin Shanono ke biya a shagon tura fim ba ya komawa ga wanda ya yi fim ɗin, kuma ba laifin matashin ba ne, tunda hanyar da ya samu ke nan. An gwada manhajojin kallo na biya irin su Northflix da Kallo, an kuma gwada sinimar zamani a Kano, amma dukansu sun fi isa ga ɗan birni mai data da asusun banki. Har yanzu ba a gina hanyar da naira ɗarin mutumin karkara za ta bi ta isa teburin marubuci ba.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, kuma ba a taɓa samun wanda ya san wahalar aikin gaggawa daga ciki kamarsa a wannan kujera ba. Abu biyu sun cancanci ya sa su a gaba. Na farko tallafi na musamman domin rubutu, wanda zai riƙe marubuci da darakta wata uku ko huɗu kafin a fita lokeshan. Na biyu tattara finafinan zamanin kaset. An gano Shaihu Umar a ma'ajiyar hukumar, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ɗaruruwan finafinan da aka yi a Kano tsakanin 1990 da 2005 suna kan zaren kaset da zafi da ƙura ke ci, a shagunan da aka rufe da akwatunan magada, kuma da yawa daga waɗanda suka san inda uwar kaset ɗin kowanne take sun fara manyanta.