Kaka a Faransa: sa'ad da mai garka ya ja ƙyaure

A nan gida, in aka ce kaka ta yi, murna ce ta zo. Hatsi ya shiga rumbu, an biya bashin damana, ƴan mata sun fara ƙirga ranar ɗaurin arme. Masu garka kuwa, daga Jiratawa har Galmi da Mirya, a lokacin ne ma suke gyara shinge da yashe rijiyoyi. Shi ya sa Bahaushe zai yi mamaki in ya ji cewa a Faransa kaka lokacin kewa ce ga mai garka, har mutum ya tsaya bakin fangalinsa zuciya a dagule kamar wanda ya raka baƙo tasha.

Dalilin farko rana ce. A Maraɗi, tsakanin yinin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta a shekara, bambancin bai wuce awa ɗaya da rabi ba sai kaɗan. A Pari kuwa yinin watan Yuni ya kan kai awa 16, na Disamba ya dawo awa 8 da ƴan mintoci. Ranar lahadin ƙarshe ta watan Oktoba a kan maida agogo baya da awa guda, sai ma'aikacin da ya saba biyawa garka in ya tashi daga aiki ya tarar duhu ya riga shi. Daga nan sai a wayi gari wata safiya raɓa ta daskare. Dare ɗaya ya isa: tumatir da kabewa da waken da aka yi wata biyar ana reno sun yi baƙi sun kwanta.

Wanda bai san matsayin waɗannan ƴan garake ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. A shekara ta 1896 wani limamin kirista, Jules Lemire, ɗan majalisa daga garin Hazebrouck, ya kafa ƙungiyar da ke samar wa leburorin masana'antu ɗan fili a gefen gari, don su ci daga guminsu, su kuma rage zaman gidajen giya. A 1952 doka ta raɗa musu sunan garaken iyali. Har yanzu suna nan, a bakin hanyoyin jirgin ƙasa da bayan dogayen benaye. Da yawa daga masu riƙe da su tsofaffi ne da suka aje aiki, cikinsu har da baƙin da suka zo daga Fotugal da Magrib tun suna samari. Ga irin wannan dattijo, garka ita ce majalisarsa. Nan yake gaisawa da maƙwabci ta saman shinge, nan ake gardamar wa ya fi iya renon albasa. In sanyi ya rufe garka, ya koma ɗaki a hawa na bakwai, wani lokaci sati ya wuce bai yi hira da kowa ba. Asarar tumatir ƙarama ce a kan wannan.

Tsofaffin hannu sun daɗe da sanin maganin abin, kuma maganin aiki ne. Ɗanyen tumatir da sanyi ya rutsa da shi, a tsince shi a dafa da sukari a zuba a kwalba. Irin da aka zaɓa a shanya shi, a sa a ambulan, a rubuta suna da shekara. Ganyen da itatuwa suka zubar, wanda mai shara ke gani kaya, a tara shi ya ruɓe ya zama taki, ko a lulluɓe ƙasa da shi. Shu da wasu ganyaye masu jure ɗari su kan tsaya a fangali har tsakiyar hunturu, su ba mutum dalilin sa takalmi ya fita. Amma abin da ya fi kwantar da hankali shi ne shuka a lokacin da kome ke mutuwa. A Oktoba da Nuwamba ake binne tafarnuwa, wadda ke bukatar sanyin kafin ta yi kai mai ɗiya, ba a kuma tono ta sai Yuni ko Yuli. Ranar 25 ga Nuwamba, bisa wata tsohuwar al'adar manomansu, ita ce ranar dasa itatuwa. Wanda ya binne tafarnuwa ya ɗaura alkawari da baɗi.

Sai dai a yi hattara, ba kowace kewa aiki ke kora ba. A 1984 likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wata cutar damuwa mai zuwa da gajartar yini, mai tafiya in rana ta dawo. Alamominta yawan barci, kasala, kwaɗayin abinci mai sitaci da zaƙi, da gudun mutane. Ta kuma fi kama mata. Ana magance ta da zama gaban wata fitila mai tsananin haske kamar rabin awa kowace safiya, wani lokaci da magani. In nauyin zuciya ya wuce sati biyu ya hana mutum harkokinsa, likita ya kamata a nufa. Ƴan uwanmu da ke karatu ko aiki a can, waɗanda suka tashi cikin rana, su riƙe wannan, gama sau da yawa a kan ɗauke shi begen gida kawai.

Mu ma muna da tamu rufewar garka, sai dai zafi ke kawo ta. Tun da gwamnatin Saini Kunce ta tura jama'a noman rani bayan farin 1984, ƙauyuka da dama sun san wannan lokaci: wajajen Afrilu, igiyar guga ta ƙara tsawo, salati ya yi kara ya yi ɗaci, an kwashe albasa, wani ya buɗe shinge awaki sun shiga. Mai garka ya naɗe igiyarsa, ya ɗauki hauya ya nufi sharar gona, yana duban gabas.